Rikicin kasuwanci tsakanin ƙasashe: ta ina zai taɓa ma'abota tocila?

"Assalamu alaikum. Na ɗan jima ina tara fitilun hannu masu ƙwan LED, har ina sauya musu ƙwai da direba da hannuna. Kusan komai daga ƙasar Sin nake yin odarsa. Yanzu kullum labari sai ƙarin haraji, hana fitar da ma'adanai, da zaman ɗar-ɗar a kan Taiwan. Shin harkar nan tamu tsada kawai za ta yi, ko kayan ma ɓacewa za su yi? In fara tara batura da ƙwai tun yanzu, ko in dakata?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: ko farashi zai tashi, ko kaya za su yi wuyar samu, da kuma abin da ya kamata ka ajiye. Amsar kowacce daban take, domin tocila ba abu ɗaya ba ce. Bututun alminiyam ne da aka zuba kayan ƙasashe huɗu ko biyar a ciki, kuma kowane rikici da ɓangaren da yake cizo. A ganina abin da jaridu suka fi kururutawa, wato ma'adanai, shi ne ya fi ƙarancin tasiri a aljihunka. Abin da ya fi taɓa mu shi ne dokar ƙaramin ƙunshin da ake aikowa ta gidan waya, sai safarar batir, sai kuma sauya kayan ciki a ɓoye idan mai ƙera ya matsu.

Kwance tocila ɗaya ka duba

Ɗauki tocila irin ta ma'abota, misali Convoy S2+ ko wata Emisar, ka warware ta a kan tebur. Gangar jikin alminiyam ce, galibi samfurin 6061, an fere ta a inji kuma an rina ta a lardin Guangdong na Sin, yankin Shenzhen da Dongguan. Gilashin, kwanon da ke tara haske, sifirin, maɓallin kunnawa da zobban roba duk daga can suke. Ƙwan kuwa ya danganta. Idan Nichia 519A ne, daga Japan ya fito, kamfanin yana garin Anan a yankin Tokushima. Idan Osram ne, kamfanin na Turai ne mai masana'antu a Jamus da Malesiya. LH351D na Samsung ne na Koriya ta Kudu. Luminus, mai SST20 da SFT40, ofishinsa na Kalifoniya amma tun 2013 mallakar kamfanin San'an ne na Sin. Cree, da mutane suka sani da na Amurka, ya daɗe da masana'anta a Huizhou ta Sin, kuma an sayar da sashen ƙwayayensa a 2021. A kan allon direba, wato allon da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan daga batir, za ka tarar da ɗan guntu mai sarrafa matakan haske, sau da yawa dangin ATtiny na kamfanin Microchip na Amurka. Idan tocilar ruwan tabarau na roba gare ta maimakon kwano, mai yiwuwa na Carclo ne na Birtaniya ko Ledil na Finlan. Batirin kuma na Samsung, LG, Panasonic, Murata, ko Molicel na Taiwan, ko na kamfanonin Sin irin su EVE da BAK.

Ka ga ke nan kayan suna tsallake iyaka sau biyu. Ƙwan Japan ya shiga Sin, a ɗora shi, sannan tocilar ta fito zuwa wurinka. Jami'an kwastan kuma ba ruwansu da asalin ƙwan. Inda aka haɗa kayan har suka zama tocila, nan ce ƙasar asali a takarda. Saboda haka tocila mai ƙwan Japan da batirin Koriya, kayan Sin ce a wurin haraji, ko da daga wata ƙasa aka ɗauko ta a jirgi.

Harajin ƙaramin ƙunshi

Harkar nan ta bunƙasa ne a kan wata rangwamen doka da yawancinmu ba mu taɓa lura da ita ba. Ƙasashe da dama ba sa karɓar haraji a kan ƙunshi mai ƙaramar daraja, domin kuɗin aikin karɓar ya fi harajin. Amurka ta ɗaga wannan iyaka daga dala 200 zuwa dala 800 a 2016. Tarayyar Turai ta kasance tana yafe harajin sayayya ga kayan da ba su kai yuro 22 ba, da harajin kwastan ga waɗanda ba su kai yuro 150 ba. Ga kuma kuɗin aikawa ta gidan waya daga Sin da ya yi araha ƙwarai a ƙarƙashin tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Wannan ne ya ba ɗan ƙaramin shago mai ma'aikata kaɗan a Shenzhen damar haɗa maka tocila ɗaya tak, da ƙwan da ka zaɓa da kalar hasken da kake so, ya aiko maka ita har ƙofar gida.

An yi ta toshe wannan ƙofa kaɗan-kaɗan. A Oktoban 2018 Amurka ta yi barazanar ficewa daga ƙungiyar gidajen wayar, aka sasanta a Janeba a Satumbar 2019, kuma daga Yulin 2020 ta fara yanke nata kuɗin isar da ƙunshi. Birtaniya ta sauya tsari a farkon 2021, mai sayarwa ne ke karɓar harajin sayayya a kan kayan da ba su wuce fam 135 ba. Tarayyar Turai ta soke rangwamen yuro 22 ranar 1 ga Yuli, 2021. Brazil ta ɗora kashi 20 cikin 100 a kan ƙananan sayayya a 2024. Babbar girgizar ta zo a 2025. A watan Afrilu harajin Amurka a kan kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100, kafin a sauko da shi zuwa kashi 30 bayan tattaunawar Janeba a watan Mayu. Ranar 2 ga Mayu aka soke rangwamen dala 800 ga kayan Sin da Hong Kong, ƙunshin gidan waya ya fara biyan kashi 120 cikin 100, daga baya aka mayar da shi kashi 54. Ranar 29 ga Agusta aka soke rangwamen ga duk duniya, har gidajen waya na ƙasashe da yawa suka dakatar da aika ƙunshi Amurka na ɗan lokaci saboda ba su da hanyar karɓar harajin.

Akwai wani lissafi a nan da ya kamata ka gane, domin shi ke nuna wanda zai sha wuya da wanda zai tsira. Haraji ana ɗora shi ne a kan darajar da kaya suka shigo da ita. Babban kamfani mai reshe a Amurka yana shigo da kwantena, ya biya haraji a kan farashin masana'anta, wanda ya yi ƙasa sosai da farashin kanti. Yana da ribar da zai iya haɗiye wani ɓangare na ƙarin. Shi kuwa mai aiko da tocila ɗaya kai tsaye, darajar takardarsa ita ce duk kuɗin da ka biya. Tocilar dala 40 a harajin kashi 54 ta zama ta dala 61 da ɗoriya, ban da kuɗin da kamfanin jigila ke caja don cike takardun kwastan, wanda sau da yawa tsayayye ne ba ya raguwa don kayan ƙanana ne. Wannan kuɗin takardu shi ne ke kashe odar ƙananan kaya. Idan direba ɗaya da gilashi biyu ka saya, kuɗin takardar kan iya fin na kayan. Ashe waɗanda suka fi yi wa ma'abota hidima, masu araha da zaɓi mai yawa, su ne tsarin ya fi bugu.

Masu sayarwa suna da hanyoyi uku, kuma kowacce da abin da take ci. Ta farko, su haɗa ƙunshi da yawa su shigar a matsayin kaya ɗaya, su biya harajin su zuba shi cikin farashi. Wannan shi ne "an biya haraji" da kake gani wajen biyan kuɗi, kuma ita ce hanya mafi sauƙi gare ka. Ta biyu, su buɗe sito a ƙasar masu saye. Kaya na isowa da wuri, amma sito ba ya ɗaukar zaɓi ɗari, sai samfuri biyu ko uku da suka fi tafiya, galibi masu farin haske mai sanyi wanda ma'abota ba su cika so ba. Ta uku, su rage daraja a takarda ko su bi da kayan ta wata ƙasa a sauya lakabi. Wannan laifi ne a dokar kwastan, kuma sunanka ne a kan ƙunshin. Kada ka roƙi mai sayarwa ya rage maka daraja. Ko ba a kama ba, in kayan suka ɓata, abin da aka rubuta kawai za a biya ka.

Idan ba a Amurka kake ba, abin yana zuwa maka ta fuska biyu. A gajeren lokaci kana iya ganin rangwame, domin kayan da suka kasa shiga can sai an nema musu kasuwa. Amma ƙaramin mai ƙera da ya rasa babbar kasuwarsa yakan rage samfura, ya daina sayen ƙwai masu tsada da ba sa tafiya da sauri. Kuma sauran ƙasashe suna bin sahu, domin a ƙarshen 2025 Tarayyar Turai ta amince ta soke rangwamen yuro 150 ita ma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Alkaluman nan kuwa suna sauyawa cikin makonni, saboda haka adadin da ke aiki ranar da ƙunshinka zai iso shi ne abin dubawa, ba na ranar da ka yi oda ba.

Ma'adanai: hayaniyar ta fi cizon

Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne. Ana shuka siririn shimfiɗar galiyam da naitirojin, da ɗan indiyam, a kan faifai, sannan a lulluɓe da hoda mai mayar da wani sashe na shuɗin zuwa rawaya. Hodar da aka fi amfani da ita tana da yitiriyam da siriyam. Ƙwai masu fito da kala da kyau, irin su 519A da 219B, ana ƙara musu jar hoda mai yurofiyam. Sin ce ke samar da kusan kashi 98 cikin 100 na ɗanyen galiyam na duniya, kuma ita ke tace mafi yawan waɗancan ma'adanai. Daga 1 ga Agusta, 2023 ta wajabta lasisi kafin a fitar da galiyam da jamaniyam. A Disambar 2024 ta hana fitar da su zuwa Amurka, a Afrilun 2025 kuma ta sa lasisi a kan wasu ma'adanai bakwai, ciki har da yitiriyam da waɗanda ake ƙarfafa maganaɗisu da su.

Wannan a kunne abin tsoro ne, amma yi lissafi. Guntun da ke haske a cikin ƙwan bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu a kowane gefe ba, kaurin shimfiɗar kuma 'yan maikiron ne. Galiyam ɗin da ke ciki bai kai miligiram ɗaya ba. Ko farashinsa ya ninka sau goma, ba za ka ji a kuɗin ƙwan ba. Kuɗin ƙwai yana cikin injuna, da gwaninta, da tantance su rukuni-rukuni bisa kala da ƙarfi. Haɗarin lasisi jinkiri ne. In masana'antar Japan ko Jamus ta jira hoda na watanni, abin da ta samu za ta fara ba masu motoci da masu fitilun gine-gine. Mu 'yan tocila a ƙarshen layi muke, kuma yawanci ta hannun dillalai muke samun ragowar naɗi, wato doguwar ledar da ake jera ƙwai a ciki a naɗe. An ga irin haka a 2010, lokacin da rikicin tsibiran Senkaku ya sa kayan Sin suka tsaya zuwa Japan, farashin ma'adanan ya yi tashin gwauron zabo a 2011. Fitilun dogon ƙwai masu cin hoda da yawa sun ji jiki fiye da LED. Daga nan ne ma Japan ta koyi ajiya da neman wasu hanyoyi.

Abin da za ka lura da shi a aikace shi ne wani rukuni na musamman ya ƙare, misali 519A mai 4500K (ma'aunin ɗumi ko sanyin kalar haske) a wani tsagin kala, a aiko maka da na kusa da shi mai ɗan kore. Kamfanonin Sin ma suna fito da nasu ƙwai masu kyau yanzu, kuma duk lokacin da na waje ya yi wuya, su ke cike gurbin.

Batir, inda matsalar gaske take

Manyan kamfanonin batir ba sa sayar wa ɗaiɗaikun mutane da 18650 ko 21700, wato girman baturan litiyam biyu da aka fi sa wa tocila, tsirara. Suna yin su ne don masu haɗa baturan mota, injinan huda da kwamfuta, har wasunsu sun sha fitar da gargaɗi a kan amfani da su haka nan. Abin da muke saya rarar waɗancan ne da ke bi ta dillalai. In buƙatar manyan ta tashi ko hanya ta toshe, rarar ce ke fara ƙafewa.

Ma'adanan batir kuma, saɓanin na ƙwai, suna da nauyi a farashi. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a Janairun 2020. A Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, nikel ya haura dala 100,000 kan tan ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Landan har aka dakatar da ciniki. Sin ta sa lasisi a kan girafait a Disambar 2023. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobal, ta dakatar da fitar da shi a Fabrairun 2025. Litiyam kuwa ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022 sannan ya faɗi warwas, wanda ke nuna cewa farashin nan hawa da sauka yake yi, ba hawa kawai ba. Amurka kuma ta tsara ɗaga harajin baturan litiyam na Sin waɗanda ba na mota ba daga kashi 7.5 zuwa kashi 25 cikin 100 daga 2026.

Sai safara. Tun 1 ga Afrilu, 2016 an hana ɗaukar batirin litiyam tsirara a matsayin kaya a jirgin fasinja. A jirgin kaya ma sai cajinsa bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, da takardar gwajin UN 38.3. Gidan waya na ƙasa da ƙasa yana karɓar wanda ke cikin na'ura ne kawai, shi ya sa ake aiko maka da shi a cikin tocila da 'yar takarda a gindinsa. Hanyoyin batir dama ƙalilan ne, kowace tangarɗa sai ta nuna. Rufe sararin samaniyar Rasha ga jiragen Turai tun 2022 ya tsawaita hanya. Hare-haren Tekun Maliya daga ƙarshen 2023 sun sa jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka, ƙarin kwana goma zuwa mako biyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da na gaske ya yi wuya, jabu ke cika kasuwa: tsohon batir da aka ciro daga kwamfuta ko marar ƙarfi, a sa masa sabuwar riga mai lambar Samsung 30Q ko Murata VTC6. Ga yadda nake tantance duk sabon batir kafin ya shiga tocila. Da farko sikeli: 18650 na gaske yana tsakanin giram 44 zuwa 49, 21700 kuma kusan giram 66 zuwa 70. Wanda ya yi shafal, jabu ne. Sai a duba kansa da gindinsa, in akwai tabon walda da aka goge, tsoho ne. Sai a auna ƙarfinsa da mita, sabo yakan iso tsakanin volt 3.4 da 3.7, wanda ya iso ƙasa da 2.5 a ajiye shi gefe. Sai a cika shi zuwa 4.2, a sauke shi a caja mai gwaji da rabin amf, a ga abin da ya bayar. 30Q ya kamata ya kusanci 3000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), NCR18650GA ya kusanci 3400, Molicel P42A ya kusanci 4200. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce tun daga rigarsa. Na ƙarshe, juriyar ciki. Lambar da cajoji ke nunawa ba ta cika daidai ba, amma in ka gwada shi kusa da wanda ka tabbatar da shi a rami ɗaya, ka ga ya ninka shi, ba na gaske ba ne. Wannan ba batun asarar kuɗi kawai ba ne. Tocila mai direban FET, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakin wutar batir kai tsaye zuwa ƙwai, tana iya jan amf 15 ko fiye, kuma batirin da aka yi don amf 5 zai yi zafi ya iya fashewa.

Sauyin da ba a faɗa maka

Guntayen da ke kan direba ba na zamani ba ne, kuma takunkumin da Amurka ta sa wa manyan guntayen kwamfuta bai shafe su kai tsaye ba. Amma suna fitowa daga masana'antu ɗaya da na motoci. A ƙarancin 2020 zuwa 2022, masu tocila sun yi ta sauya guntu a tsakiyar samfuri. Rikicin Nexperia ma darasi ne: a ƙarshen Satumbar 2025 gwamnatin Holan ta karɓe ikon kamfanin daga masu shi na Sin, Sin kuma ta hana fitar da kayan masana'antarsa ta Dongguan. Kamfanin yana yin irin ƙananan FET ɗin da ake sawa a direbobi.

Mai ƙera da ya rasa guntu ba ya daina aiki, maye gurbi yake yi, sunan tocilar kuma bai sauya ba. Alamomin su ne matakin haske mafi ƙasa ya fi na da haske ko ya dinga rawa, tocila ta dinga shan batir tana kashe, ko kuma ta yi ƙara siririya a matsakaicin mataki. Guntun 7135, mai ƙayyade wutar da ke zuwa ƙwai, ma akwai mai ba da 350 mA da mai 380, ga kwaikwayo iri-iri. In kana sabunta manhajar Anduril, wadda ke sarrafa matakan hasken wasu tocila, da kanka, kada ka dogara da sunan tocila. Duba lambar samfurin da take ƙiftawa, domin fayil ɗin ATtiny1634 ba ya hawa ATtiny1616, mahaɗin saka manhajar ma daban ne. Fayil na wani direba kuma yana iya tura wutar da ta fi ƙarfin ƙwan. Ajiye kwafin fayil ɗin kowace tocilarka a kwamfuta. Manhajar a buɗe take ga kowa, ita ce ɓangare ɗaya da kwastan ba su da hanyar tarewa.

Haka abin yake a ƙarfe. In riba ta matse, ana iya mayar da faifan jan ƙarfe da ƙwai ke zama a kai zuwa na alminiyam, a rage kaurin rini, a sa sifirin na baƙin ƙarfe. Faifan alminiyam ba ya kwashe zafi da sauri, sai haske ya faɗi da wuri, ko ya koma shuɗi-shuɗi a mataki na sama. Siririn sifirin kuma yana zafi ya saki. Harajin alminiyam na Amurka, da ya tashi zuwa kashi 25 a Maris na 2025 sannan kashi 50 a Yuni, masu ƙera tocila a cikin Amurkar ya fi matsa wa. Su ma SureFire da Maglite da ire-irensu ba su fita daga wannan sarƙa ba, tunda ƙwai da guntaye da baturan caji kasuwarsu ta duniya ce.

Batun Taiwan kuwa, in ya kai ga rufe hanyar ruwa da ta sama, ba maganar tsada ake ba, tsayawa ce cak. Molicel na can, masana'antun guntaye na can, kuma tashar Yantian ta Shenzhen da filin jirgin Hong Kong duk a wannan yanki suke. An ɗanɗani kaɗan lokacin korona, da tashar Yantian ta cushe a tsakiyar 2021 da kuma kullen Shenzhen a Maris na 2022. Manyan kamfanoni na iya kai aikin haɗawa Biyetnam ko wata ƙasa, amma ƙaramin mai ƙera ba zai iya ba, domin ƙarfinsa shi ne mai fere ƙarfe da mai rini da mai gilashi duk suna kusa da shi, kuma suna karɓar aikin 'yan ɗaruruwa. Ko za a kai ga haka, wannan magana ce ta 'yan siyasa da sojoji, ba a karanta ta a bencin gyaran tocila.

Abin da ya cancanci ajiya

Batir kada ka tara. Yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, kuma cike da caji a wuri mai zafi ya fi saurin lalacewa. Biyu ga kowace tocilar da kake amfani da ita kullum sun isa, wato ɗaya a ciki ɗaya a gefe. Na ajiya a bar shi a volt 3.6 zuwa 3.7, a cikin akwatin roba, wuri mai sanyi, a auna shi duk wata shida. Kwali cike da baturan litiyam a ɗaki haɗarin gobara ne da ya fi duk wani haraji. In kana son abin dogaro na gaggawa, riƙe tocila ɗaya mai cin AA tare da 14500, wato batirin litiyam mai girman AA, da baturan caji irin Eneloop, domin AA ba ya ƙarewa a ko'ina.

Ƙwai kuwa ba sa tsufa, ba sa cin wuri. In akwai kalar da ranka ya kwanta da ita, sayi biyar zuwa goma daga naɗi ɗaya, ka rubuta rukuninsu a jikin leda, ka ajiye da 'yar jakar shan danshi. Danshi ne abokin gabarsu: ƙwan da ya sha iska ya daɗe, in ka ɗora shi a wuta yana iya tsagewa daga ciki, saboda haka a busar da shi da ɗumi kaɗan tukuna. Dalmar liƙi mai haɗin 63/37 tana narkewa a digiri 183 na Selsiyas, da zarar ƙwan ya zauna da kansa a ɗauke faifan, kada ya daɗe.

Wajen sayen sabuwar tocila, ma'auni na kowa da kowa shi ne kariyarka. Zaɓi mai cin 18650 ko 21700 na gama-gari, mai caji ta USB-C ko ta caja ta waje. Mai batir na musamman da igiyar maganaɗisu ta kamfani ɗaya, ranar da kayan kamfanin suka daina isowa ta zama ado. Nemi wadda ba a manne kanta da gam ba, mai direba milimita 17 ko 20, faifan ƙwai milimita 16 ko 20, da ƙafar ƙwai 3535 ko 5050, wato gindi mai faɗin milimita 3.5 ko 5. S2+ tana ɗaukar direba 17 da faifai 16, C8 kuma direba 17 da faifai 20, shi ya sa gyaransu ba ya wuya. Ka tuna garanti ma ya raunana, domin mayar da tocila Sin yakan fi kuɗinta, kuma abin da za a aiko maka a madadi shi ma sai ya bi ta kwastan.

Ƙananan kayan da ke fara lalacewa su za ka haɗa a oda ɗaya, don kuɗin takarda ya zama sau ɗaya: direba ɗaya na ajiya ga kowane ma'auni, maɓallin gindi biyu, hular robar maɓalli, gilashi biyu ga kowace tocila, zobban roba, farar robar da ke tsayar da ƙwai a tsakiyar kwano, waya mai rigar silikon lamba 22 da 20, da man silikon na shafa wa zare. Auna gilashi da zobba da ma'aunin kauri kafin ka yi oda, domin bambancin rabin milimita ya isa ya sa ruwa ya shiga. Kuma ka yi odar kafin hutun sabuwar shekarar Sin, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, domin masana'antu kan rufe mako biyu ko fiye, kuma ƙunshin da ya kwana a sito a wannan lokaci yana iya isowa ya tarar da sabon haraji.